Ranar da Larai Ta Ɗauke Likkafun Ilu

"To madalla. Ina kwanan ɓarayi?"

"Lafiya lau suka kwana, ciki cike. Ina kwanan bayi?"

"Larai, ban zo wasa ba."

"Ai da ganin fuskarka. Wa ya mutu, kai ko dokin?"

Ilu yana tsaye a ƙofar gidanta da hantsi, riƙe da linzamin wani saurayin doki akawali, baƙi wuluk. Shi mai horon dawaki ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Larai kuwa mai daddawa ce, 'yar ƙanin uwarsa, wato taubashiyarsa. Gida ɗaya suka tashi, gidan kakansu Ɗanjuma, kuma tun ba su san ciwon kansu ba suke jayayya a kan wane ne bawan wani. Yanzu kai ya yi fari, haƙora sun fara sallama ɗaya bayan ɗaya, amma har yau ba a yanke maganar ba.

Jiya aka yi cika-ciki, bikin cin tuwo na watan farkon shekara. Larai ta kai masa tuwo da miyar kuka har ɗaki, abin da ba ta saba ba, shi kuwa bawan Allah ya ci ya suɗe hannu har da sa mata albarka. Sai da safen nan da ya ɗora sirdi ya ga igiyoyi biyu suna reto, ba likkafa ko ɗaya. A watan nan taubashi yana da ikon ɗauke maka abin da ya ga dama, ba kuma alƙalin da zai saurare ka. Sai dai ka bi shi gida ka fanshi kayanka.

Amma yau ba ranar da za a yi wa Ilu haka ba ce. Dokin ba nasa ba ne, na Cindo ne, wani falke mutumin Gumel, da ya kawo masa horo tun farkon damina. Doki ne har doki, sai dai ya ƙi miƙewa. In yana tafiya sai ya riƙa karkatar da gindi gefe guda. Ilu ya canza linzami, ya sa ƙaimi, ya sa bulala, har rubutu ya karɓo ya ba shi, duk a banza. Cindo ya ce yau zai biyo, in ya tarar da dokin yadda ya bar shi zai kwance shi ya kai wa Ya'u a Sule Tankarkar. Ya'un nan kuwa a hannun Ilu ya koyi riƙon linzami. Kowa ya sani, mai horon da aka kwance doki daga turkensa aka kai wa yaronsa, tasa ta ƙare. Ga shi tun da Nasara suka zo aka daina kai hari, yunwar bara kuma ta cinye dawakin ƙasar, masu kawo horo sun yi ƙaranci. Ilu ya gaji, ya gaji ƙwarai, kuma ba ya son kowa ya sani.

"Ba ni likkafuna," in ji shi.

"Likkafa? Ni tsohuwa mai daddawa, me ya haɗa ni da likkafa? Ka tambayi kajin gidanka."

"Ba ni da kaji."

"To ka ji abin da nake faɗa. Namiji har ya tsufa ba shi da ko kaza, sai dokin mutane."

Ilu ya leƙa ta saman kafaɗarta zuwa tsakar gida. "Mene ne wancan a bakin murhu?"

"Abin kwasar toka ne."

"Abin kwasar toka da zanen maƙerin Damagaram a jikinsa?"

"Tokata mai daraja ce."

Likkafarsa ce, faffaɗa, irin wadda ƙafa ke shigewa gaba ɗaya, ta yi buɗu-buɗu da toka. Ɗayar kuma tana gindin rumbu, an zuba dusa a kai, 'yan tsaki sun hau suna caccaka. Ilu ya rufe ido ya buɗe.

"Larai, kin san da likkafun nan na tsere wa mahayan Damagaram?"

"Na sani. Gudu dai. Kullum labarinka na gudu ne, ban taɓa jin wanda ka kora ba."

"Na kori ɓarayin shanu har bayan Maigatari."

"Marigayi mai gidana yana wurin. Ya ce lallai an yi tsere, kai a gaba su a baya."

"Allah ya jiƙansa, mutumin kirki. Daddawarki ce ta kashe shi."

"Kai ma jiya ka sha ta a miya, har ka lashe akushi. Sai ka fara wasiyya."

"Ba abin da zan bari sai likkafun nan, su ma kin riga kin gada tun ina da rai. Faɗi fansa in tafi. Goro?"

"Da wane haƙorin?"

"Gishiri?"

"Ina da shi."

"Kanwa?"

"Ni doki ce?"

"A'a. Doki yana da amfani."

"Ka ji bawa marar kunya. Uwarka da kanta ta ba ni kai, ranar da aka yaye ka. Ta ce, Larai, ga wannan, ba shi da wayo amma zai iya ɗebo ruwa."

"Ranar da aka yaye ni ba a haife ki ba."

"Saƙo ta bar mini."

Da wata rana ce da Ilu ya yi dariya. Yau sai ya dubi rana, ya ga ta fara hawa. Ya sassauta murya. "Zane fa? In Cindo ya sallame ni, zan sayo miki zane a Gumel, baƙi, mai sheƙi."

"Ka fara saya wa kanka wando. Wannan na jikinka iska ta san duk hanyoyinsa."

"To me kike so, don Allah?"

Larai ta goge hannu a zane, ta fito waje sosai, ta nuna gabas da haɓa. An gama girbi, gonaki sun zama fili, sai yashi da karan gero a kwance. Can nesa akwai wata kuka ita kaɗai.

"Ka ga kukar can ta gonar Kaka? Ka hau dokin nan haka yadda yake, ba likkafa. Ka je da tafiya, ka zagayo ta da sassarfa, ka dawo da sukuwa. In ka iso nan kai a sama doki a ƙasa, kayanka ne."

"In kuma na iso ni a ƙasa?"

"Sai in yi maka kukan da ya dace da bawa. Gajere."

"Kin haukace. Da furfurata?"

"Furfura ba ta zama a sirdi."

"Zan je in aro na mai gari."

"Mai gari ya tafi Gagarawa da dokinsa tun asuba. Na ga wucewarsa. Shi kam a miƙe yake zaune."

"Larai, yau Cindo zai zo."

"Duk garin nan wa bai sani ba? Har 'yan tsakina sun sani." Ta matso ta shafa hancin akawalin, dokin ya sunsuna hannunta ya yi atishawa. "Ya'u da yake hannunka, wata nawa ya yi ba likkafa? Yana tafiya a garin nan ƙafa a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya, mata na dariya."

"Haka ake koya."

"Ba kai kake ce wa yaranka a cinya ake zama ba, ba a kan ƙarfe ba?"

"Yara nake gaya wa."

"Kai wa ya gaya maka? Ka manta Kaka Ɗanjuma? Ya rataye likkafunka a rumbu, ya sa maka ganyen kalgo a ƙarƙashin kowace gwiwa. In ganye ya faɗi, ba tuwo ranar. Wa ke sato maka loma a bakin zane?"

"Ke ce ke cinye rabon nawa, ki kawo mini ƙanzo."

"Ladan dako ne. Da ba don ƙanzon nan ba da yanzu ba kai."

"Da na huta."

Ya faɗi haka ne da wasa, amma bai fito kamar wasa ba. Larai ta dube shi ta gefen ido. Ba ta ce masa sannu ba, don tsakaninsu ba a yin haka. Sai ta ƙara kaifin baki.

"Kullum da safe kana wucewa ta nan ina tsintar kalwa ina kallonka. Kamar mangalar da aka cika gefe ɗaya. Duk nauyinka yana kan likkafar hagu, kafaɗa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Dokin nan ba karkatacce ba ne, Ilu. Tallafe ka yake yi kada ka zube."

Maganar ta same shi daidai inda ke ciwo. Tun bara da wata goɗiya ta matse shi a jikin turke, ƙugunsa na dama bai ƙara zama nasa ba. Bai gaya wa kowa ba, ko wanzami bai je wa ba, don mai horo da ƙugu ya mutu ba a kawo masa doki. Shi a ganinsa ya ɓoye abin tsaf. Ashe wata tana zaune a bakin danga tana ƙare masa kallo kowace safiya. Haushi ya kama shi, da kunya, da kuma wani tsoro cewa gaskiya ta faɗa.

"Yau mai daddawa ce za ta koya mini zaman sirdi."

"Wari nake sayarwa, amma idona lafiyarsa ƙalau."

"Idon da ya zaɓo miki miji mai kunne ɗaya?"

"Kunne ɗayan ya fi naka biyun ji. Za ka hau ko in mayar wa 'yan tsaki da akushinsu?"

Ilu ya yi lissafi. In ya koma gida, ba likkafa, ba kuma wata dabarar da ta rage masa. In ya hau ya faɗi, yashi ne, kuma mutum ɗaya ce za ta gani, duk da dai mutum ɗayan nan ta fi kasuwa baki. Ya ja majayi ya ƙara ɗaure shi. Ya kama kwacciyar sirdi da hannu ɗaya, ya ɗaga ƙafar hagu don ya taka.

Ba abin takawa. Ƙafar ta yi lilo a iska ta dawo ƙasa.

Da can, lokacin da yake Ilu, dafa bayan doki kawai yake yi ya tsinci kansa a sama. Ya gwada. Ya yi tsalle, cikinsa ya bugi gefen sirdi, ya zamo. Ya sake gwadawa, wannan karon ko gefen sirdin bai kai ba. Akawalin ya waiwayo ya dube shi.

"Ka ƙara ɗaya," in ji Larai. "Kwaɗin rijiya sun ce kana burge su."

"Riƙe mini bakinki."

Ta shiga gida. Sai ga ta tana mirgino turmi, tana nishi, ta kawo shi gefen dokin ta kife.

"Hau."

"Ni? Turmi? Amarya ake ɗorawa a kan turmi."

"To yau ga amarya mai gemu. In kira masu guɗa?"

"Allah ya isa tsakanina da ke, Larai."

"Amin. Taka a hankali, turmin ya fi ka tsada."

Ya taka. Ya ɗaga ƙafar dama da ƙyar, ya cije leɓe har ta haye, ya zauna. Kafin ya gyara riga, Larai ta tsinko ganye biyu daga kalgon da ke jikin dangarta, ta ɗaga gwiwarsa ta hagu ba ko sallama ta cusa ɗaya, ta zagaya ta cusa ɗayan a dama.

"Wannan ba ya cikin sharaɗi."

"Kyauta ce. Tafi, rana na yi."

Ya taɓa dokin suka kama hanya. Da farko ƙafafunsa suka yi ta lalube, suna neman ƙarfen da ba ya nan. Tsoro ya kama shi, na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Jikinsa ya so ya zame hagu yadda ya saba, amma yau ba abin da zai tare shi a can sai ƙasa. Dole ya koma tsakiyar sirdi. Ya saki ƙafafun suka yi tsawo, ya manna cinyoyi, ya bar ƙugun mai ciwo ya ɗauki nasa rabon nauyin. Zafi ya tsarga masa har ƙeya. Akawalin ya juyo da kunne ɗaya baya, yana sauraron wannan sabon zama.

"Miƙe bayanka!" Larai ta ƙwala daga baya. "Allura ka yar kake nema?"

"Kabarinki nake dubawa!"

"Ka haƙa da faɗi, tare za a sa mu, ka riƙa yi mini fifita!"

Muryarta ta yi nisa. Sai ƙarar kofato a yashi da kukan sirdi. Ilu bai lura da komai ba sai da suka ci rabin gonar, don hankalinsa duk yana kan kada ya faɗi. Sannan ya ga kukar tana tsaye daidai tsakanin kunnuwan dokin, ba ta gusa dama ba, ba ta gusa hagu ba. Linzamin kuma, da kullum yake ja da hannu ɗaya kamar mai jan guga, yau ya yi sakwa-sakwa a hannu biyu daidai. Ya waiwaya a hankali. Sawun ƙafar baya yana faɗawa a kan sawun ƙafar gaba, layi ɗaya tun daga ƙofar Larai.

Ya matsa cinya, dokin ya ɗauki sassarfa. Nan ne ya san Larai muguwa ce. Kowane taku sai ya ji kamar ana daka ƙugunsa, gumi ya keto masa, ya kira sunan Allah, ya kira na kakansa. Amma ya zauna. Suka zagaya kukar, dokin ya lanƙwasa jiki ya bi da'irar ba gardama, abin da ya ƙi yi tun damina. Da suka fuskanci gari Ilu ya sake shi.

Sukuwar ta zo da sauƙi, kamar ana lilo da shi. Iska ta cika masa riga. Na ɗan lokaci ciwon ya koma baya, ya ji daɗi, daɗi tsantsa, har ya ji yana so ya yi ihu. Sai kunya ta biyo. Wata da watanni yana zane dabbar Allah a kan laifin ƙugunsa, ita kuwa tana ɗauke da shi a karkace ba ta taɓa kayar da shi ba. Ya sunkuya ya shafa wuyan dokin ya roƙe shi gafara. Da ya ɗago sai ya ji cinyoyinsa suna rawa, rawar da ba ya iya tsayarwa. Horo kuwa ba hawa ɗaya ba ne. Safe ne da yamma, yau da gobe, har doki ya horu. Tun kafin ya iso gari ya san abin da jikinsa ke gaya masa.

A ƙofar Larai akwai mutum a tsaye riƙe da nasa dokin, da babbar riga da malafa. Cindo ne. Ya yi sammako don ya kai Maigatari kafin rana ta take. Ilu ya tattara abin da ya rage masa, ya zauna da baya ya ja linzami, akawalin ya yi zamiya ya tsaya cak a gabansu, ƙafafu a jere.

"Baba Ilu!" Cindo ya cire malafa. "Tun daga kan tudu nake kallo. Wannan dokina ne? Kamar an ja zare! Kai, ba ma likkafa?"

Kafin Ilu ya mayar da numfashi, Larai ta riga shi.

"Haka yake ƙarasa horo," in ji Larai, ko ido ba ta ƙifta ba. "In doki ya kusa gamawa sai ya kawo mini ajiyar likkafunsa. Gadon gidanmu ne. Duk ƙasar Gumel ba mai yin haka yanzu sai shi."

Ilu ya dube ta. Tun da yake bai taɓa jin ta faɗi alherinsa a gaban mutum ba.

"Bawa ne mai kyau," ta ƙara, "in ya ƙoshi."

Cindo ya yi dariya. "Inna, ku da wasanku. Baba, sauko mana mu gaisa."

Ilu ya gwada motsa ƙafar dama. Ba ta amsa ba.

"Ba a sauka a kan doki da zafinsa," in ji Larai. "Sai gumi ya tsane. Kai falke ne, ba ka san wannan ba. Gaisa da shi daga nan, yana jin ka."

"Gaskiya ne, Inna, ban sani ba." Cindo ya zagaya dokin yana shafa shi, yana jinjina kai. "Baba, ka yafe mini maganar da na yi rannan. Ɓacin rai ne. Ba inda zan kai doki. Akwai ma duƙusai biyu da za a kawo mini daga Damagaram bayan kasuwa, a turkenka za a ɗaure su."

Da asubar yau, da an ce wa Ilu zai ji wannan magana, da ya yi sujada a tsakar gida. Abin da ya kwana yana roƙo ke nan. Ya dubi kunnuwan akawalin, ya dubi cinyoyinsa da ke ta rawa a ƙarƙashin riga. Ya tuna duƙusai ba su san komai ba, yadda aka zauna musu haka za su tashi.

"Kai su wurin Ya'u," in ji shi.

"Baba, fushi ka yi."

"Ban yi fushi ba. Yaron ya iya, ni na koya masa. Ka ce in ji ni, watan fari ya rataye likkafunsa a ɗaki. Wannan kuwa ya gama. Ka zauna masa a tsakiya kawai, ba zai ba ka kunya ba."

Cindo ya dubi Larai ko za ta sa baki. Ita kuwa ta ƙura wa Ilu ido. Sannan ta ce wa Cindo, "Je ka gidansa ka sha inuwa, ga shi nan tafe da dokin."

Da Cindo ya sha kwana, ta gyara turmin da ƙafa ta matso da shi.

"Sauko."

"Ƙafar ta ƙi."

"Wacce?"

"Duka."

Ta kama ƙafar dama da hannu biyu ta tura ta sama ta haye kwacciya. Ilu ya zamo, ya kuskure turmin, ta tare shi a hammata, nauyinsa ya rinjaye ta, suka zube tare a yashi. Akawalin ya matsa gefe ya fara cin ganyen danga. Suka zauna a nan suna haki, tsoho da tsohuwa, ba mai iya ɗaga wani.

"Ka karya ni," in ji Larai.

"Da ma a karye kike."

Ta duba gefen sirdin. Ganye ɗaya yana nan a manne da gumi, ɗayan babu. "Na dama ya faɗi. Rabin tuwo."

"A kukar ya faɗi. Na ji tafiyarsa."

Ta dafa turmi ta miƙe, ta shiga gida. Ya ji tana korar 'yan tsaki, ya ji zubar ruwa. Ta fito da likkafun a wanke, tana goge su da bakin zane, ta miƙa masa.

"Ga kayanka. Ka iso kai a sama."

Ilu bai miƙa hannu ba. Ya daɗe yana kallonsu.

"Riƙe su," in ji shi. "In na sa su, in ɓata dokin mutane. In na cire su, ba na kai azahar. Ke kika ci, Larai."

Ta tsaya da ƙarfe biyu a hannu. Tun suna yara take jiran ranar da Ilu zai buɗe baki ya ce ta ci, ga ranar ta zo, ba daɗi ko kaɗan. Ita gyara masa zama ta so yi, ba sauke shi ba.

"Ni fa wasa nake yi."

"Na sani. Ya yi kyau."

"Ba a ba taubashi abu ya riƙe. Fansa ake yi."

"Na fansa, na ba ki. Yanzu kyauta ce."

"To gobe da asuba me za ka yi?"

"Salla. In koma in kwanta har rana ta dake ni. Rabona da haka tun Kaka yana da rai."

Larai ta juya baya ta ajiye likkafun a kan turmi, ta daɗe tana gyara musu zama kamar wani aiki ne. Da ta juyo, bakin yana nan yadda yake.

"Ka kwanta? Wa ya ba ka izini? Gobe da sassafe ina son ganinka a nan. Akwai kalwa kwando guda da za a wanke, ga ruwa ba mai ɗebo mini."

Dariya ta kama Ilu. Ta fara a hankali, ta yi ƙarfi har ƙugun ya amsa, ya dafe shi yana yi yana share ido. Ya miƙa mata hannu ta ja shi ya tashi tsaye da ƙyar.

"Zan zo, ranki ya daɗe," in ji shi. "Amma sai kin aiko da jaki."